Ranar da Minu ta yi fitsari bisa dardumata: fashin baƙi kan sauya ma kyanwa ƙasar kashi

Wata asubar Talata ce cikin watan Afrilu, lokacin zafin nan da ko an kwana waje ba a tsira ba, na yi alwala na shigo ɗaki na taka dardumar da na bari shimfiɗe tun isha'i, sai na ji danshi ƙarƙashin ƙafata. Ban ma sunkuya ba hanci ya ba ni labari. Wanda ya taɓa zama gida ɗaya da kyanwa ya san warin nan, ba ya kama da na akuya ba ya kama da na jinjiri, wani abu ne mai hawa kai. Ita ko mai aikin tana zaune bisa taga tana lasar hannu kamar ba ita ba. Shekara biyu Minu na gidanmu, tun tana 'yar mitsitsiya yara suka tsinto ta bayan wani gareji, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɓata ɗaki ba sai ran nan. Uwargida ta leƙo ta ce "Malam, ai jiya sai da na ce maka kar ka zubar mata da rairayinta gaba ɗaya." Na ce ni ba na son dogon zance da asuba. Amma gaskiyarta ne.

Abin da ya faru shi ne ƙanwata da ke aure Yamai ta aiko mana da buhun ƙasar kyanwa irin ta kanti, fara tas, tana ƙamshin turaren furanni, an zana wata kyanwar Turawa mai gashi buzu-buzu jikin buhun. Ni ko da zumuɗi na ɗauki bahon Minu na juye rairayin gulbin da ta saba da shi a bola, na wanke baho da omo da jabel har yana ƙyalli, na zuba sabuwar ƙasa, ban tsaya nan ba na ɗauke bahon daga bayan ƙofar madafa na kai shi kusa da makewayi wai don can ya fi dacewa da ƙazanta. Na canza mata abin da take takawa, na canza warin wurin, na canza wurin kanshi, duk a yini ɗaya, kuma ni a raina gata na yi mata.

Na san wani zai ce to wai mi ya kai kyanwar Maradi ga ƙasar kanti, garin da ko'ina ka sa ƙafa rairayi ne? Wannan magana gaskiya ce ga gidajen iyayenmu na Maradawa ko Bagalam inda tsakar gida ƙasa ce, mussa ta fita bayan rumbu ko gindin bedi ta tona ta binne abinta ba wanda ya sani. Amma je ka dubi sababbin gine-ginen Zariya da Ali Ɗan Sofo, tsakar gida siminti, ɗakuna karo, wani gidan ma bene ne, ko tafin hannu na ƙasa babu. Ga shi mutane da yawa yanzu ba su barin kyanwarsu fita, wani don tantabarun maƙwabci, wani don karnuka da kabu-kabu da yara masu danƙo, wani ko da kuɗinshi ya sayo mai dogon gashin nan ba zai yarda ta shiga lungu ba. To duk wanda ya kulle kyanwa cikin gida ya ɗauki nauyinta ke nan, kuma ba ci da sha kaɗai ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinta ba, kowa ya san shi tun makarantar allo. Sannan ga ɗaya gefen, kyanwa ita kanta da sauran ruwan da ta sha ba najasa ba ne, amma fitsarinta da kashinta malamanmu na Malikiyya najasa suke ɗaukarsu, ke nan maganar inda za ta yi ba ƙaramar magana ba ce a gidan da ake salla.

Kafin a zo ga yadda ake sauyawa sai an gane mi ya sa dabbar nan ke da tsirfa haka kan abin da mu muke gani ƙasa ce kawai. Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta fara raɓar mutane wajen shekara 10,000 da suka wuce lokacin da aka fara tara hatsi ɓeraye suka samu wurin zama. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500 an iske mutum da kyanwa binne kusa da juna. Dabbar busasshiyar ƙasa ce tun asali, ƙafarta da rairayi ta san duniya. Binne kashin da take yi kuma ba tsabta ba ce irin tamu ta kunya, ɓoye wari ne don kar abin da ya fi ta ƙarfi ya bi sawunta, shi ya sa za ka ga wani ƙaton muzurun unguwa da ya ga ba mai ja da shi ya yi nashi ya bar shi a fili ko rufewa bai yi ba. 'Yan ƙanana tun suna da sati uku zuwa huɗu suke fara tono, kuma abin da ƙafarsu ta fara sabawa da shi nan yakan zama shi ne makewayi a wurinsu har girma. Sabo turken wawa aka ce, to na kyanwa turken ƙarfe ne.

Abu biyu take shawara da su, tafin ƙafa da hanci. Tafin nan mai laushi cike yake da jijiyoyin ji, in ƙwayar ƙasa ta cika girma ko tana da kaifi sai ka ga ta shiga baho tana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya kamar mai taka garwashi, ko ta ɗare bisa bakin bahon da ƙafa huɗu tana lilo, ko ta yi sauri ta fito ba ta binne ba ta koma tana yakushin bango. Duk wannan magana ce take yi maka. Hanci kuma nata ya fi namu nesa ba kusa ba, turaren da ni na shaƙa na ce kai wannan abu da daɗi, ita da take sa fuska kusan cikin ƙasar tana tono, kamar a kulle ka ne cikin shagon mai turare da rana tsaka an ɗauke kuran. Turaren nan don mai saye aka sa shi ba don mai amfani ba. Ƙamshin lemu da lemun tsami ma ya fi muni, yawancin kyanwoyi gudunshi suke.

Ita kanta ƙasar kantin ba ta daɗe a duniya ba. Kafin 1947 Turawa ma rairayi da toka da garin katako suke zubawa kamar mu. A shekarar ce wani matashi Ed Lowe a jihar Mishigan ta Amurka, wanda gidansu ke sayar da gawayin kwal da ƙanƙara da yashi, wata maƙwabciya ta zo neman rairayi don tokar da take amfani da ita tana sa kyanwarta tana bar mata baƙin sawu ko'ina cikin gida, ga shi sanyi ya daskarar da tulin rairayin, sai ya ba ta wani busasshen yumɓu da suke sayar ma masana'antu don tsotse man inji in ya zube. Ta dawo neman ƙari. Daga nan ya fara ƙullawa cikin jaka yana rubuta Kitty Litter, kasuwa ta buɗe. Wannan ta farko tana shan fitsari amma ba ta dunƙulewa. Mai dunƙulewar a Amurka sai 1984 ta fito, wani masanin kimiyya Thomas Nelson ya haɗa ta da yumɓun da ake ce ma bentonait, wanda in ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya ninka kanshi sau da yawa ya kame wuri ɗaya kamar curin fura, ka sa cokali ka ɗauke curin, sauran ƙasar ta zauna busasshiya. Abin da ya ba ni dariya da na bi diddigi, wani kaso na yumɓun da ake yi ma kyanwoyin Turai ƙasa da shi daga Senegal ake haƙo shi wajen garin Ces, a loda jirgin ruwa a kai can a zuba cikin buhu mai hoto, wani ya dawo mana nan Afirka ta Yamma da tsada.

Bayan waɗannan biyun akwai mai kama da gishirin ƙanƙara, fara mai ɗan shuɗi-shuɗi, silika ce irin wadda ake samu cikin 'yar ƙaramar takarda a kwalin sabon takalmi, tana shanye fitsari ta bushe ba ta dunƙulewa, tana daɗewa amma ƙwayarta na da kaifi kuma tana ƙara in an taka, kyanwoyi da yawa ba su sonta. Akwai ta garin icce da aka matse kamar abincin kaji, in ta jiƙe sai ta warware ta koma gari. Akwai ta takarda, ta masara, har da ta tukar waken suya. Amma mu faɗi gaskiya, nan Maradi ba zaɓi muke ba, abin da aka samu ne. Yau ka shiga butik ka iske iri kaza, in ta ƙare ka koma a ce sai kaya sun zo, in sun zo kuma wani iri ne daban. Tun da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023 abin ya ƙara cakuɗewa, ta Najeriya an buɗe cikin 2024 kaya na shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, amma hanyar Kwatano da kayan Turai suka saba biyowa ta Gaya ta daɗe a toshe, kaya sai sun yi dogon zagaye. Shi ya sa mai kyanwa a nan ko ya so ko bai so ba sai ya koyi sauyi, don ba ra'ayi ke sa mu canza ba, rashi ne.

Sai namu na gida, wanda ni nan na fi son in daɗe.

Rairayin gulbi shi ne sarki wajen kyanwa, ban taɓa ganin wadda ta ƙi shi ba. Mai amalanke zai kawo maka da 'yan kuɗi kaɗan, in ma ana gini a layinku ka roƙi magini ya ɗibar maka bokiti biyu. Sai dai a nemi mai laushi ba yashi mai tsakuwa ba, a tankaɗe shi da rariya, a baza bisa kwano ya sha rana ya bushe ƙarau. Kuma don Allah kar a ɗebo na lungu ko na bakin bola, can karnuka da kyanwoyin unguwa suka gama nasu, ƙwan tsutsar ciki na iya daɗewa cikin ƙasa wata da watanni kuma rana kaɗai ba ta kashe shi duka, ka ga ka ɗauko ciwo da hannunka ka kawo cikin ɗaki. Aibin rairayi shi ne ba ya riƙe wari ko kaɗan, fitsari ratsa shi yake ya kwanta ƙasan baho, cikin zafin bazara da ake haura digiri 40 kwana biyu ya isa gida ya ɗauka, sai an juye duka an wanke. Ga nauyi, ga bin ƙafa, kullum tsintsiya na hannu. Wannan wahalar ce ma ta sa na yi murna da buhun ƙanwata.

Toka kam ban ba kowa shawara ba, duk da na san tsofaffi na yi. Tana kashe wari ba laifi, amma in ta jiƙe kaifi gare ta, ai da ruwan toka ake sabulun salo, ga ta tana manne ma ƙafa da gashi kyanwa ta zo tana lashewa, ga ƙura. Garin katako na wurin kafinta yana shan ruwa sosai kuma kusan kyauta ne, matsalar ba ka san wane icce aka yanka ba, in an haɗa da falanki mai gam ko wanda aka shafa ma maganin gara ko fenti to guba ka shimfiɗa mata. In kana da kafintan da ka yarda da shi ya ware maka na farin katako zalla, to. Ɓawon gyaɗa kuwa, mu da gyaɗa ta yi ma suna tun zamanin Faransa ba za mu rasa shi ba, in an daka shi ya yi laushi yana aiki da rani, amma da damina ta sauka ya sha danshi sai ya yi fumfuna, kuma fumfunar gyaɗa ba abin wasa ba ce ga hanta, ta mutum ko ta dabba. Ƙaiƙayin hatsi iska ke kwashe shi, ga ƙaiƙayi kamar sunanshi. Dussa kuma kar ma a fara, kiran ɓera da kyankyaso ne, wata kyanwar ma ci za ta yi.

To yanzu yadda ake sauyin. Dabarar duka ita ce kar ta farka ta iske makewayinta ya zama baƙo. Kwana biyu ko uku na farko ka zuba sabuwar kashi ɗaya cikin huɗu, tsohuwar kashi uku, ka gauraya. In ka ga tana shiga tana tono tana binnewa yadda ta saba, ka koma rabi da rabi na wasu kwana biyu ko uku, sannan sabuwar kashi uku tsohuwar ɗaya, sannan sabuwar zalla. Sati ɗaya zuwa kwana goma ke nan ga kyanwa mai sauƙin kai, tsohuwa ko matsoraciya tana iya cin sati uku ko wata, kuma lissafin kwanakin ba aya ba ce, ita ke faɗin ranar da za a ƙara. Duk matakin da ka ga ta fara tsaye-tsaye bakin baho tana shinshina tana juyawa, ka koma na bayanshi ka ƙara mata kwanaki. Wannan na nufin tun buhu bai ƙare ba za ka nemi na gaba, in ka bari sai ka kakkaɓe na ƙarshe sannan ka tafi kasuwa to ba ka da abin gaurayawa, kuskuren da kusan kowa ke yi ke nan.

Amma ba kowace ƙasa ke gaurayuwa da 'yar'uwarta ba, nan ne mutane ke ruɗewa. Rairayi da mai dunƙulewa suna haɗuwa lafiya, sai dai curin ba ya ƙarfi, yana marmashewa, a yi haƙuri da shi har a gama. In ko za a koma ta icce ko ta silika, ƙwayoyin manya ne, in ka gauraya sai rairayin ya zube ƙasa manyan su taso sama, ƙafarta ta sauka kan abin da ba ta sani ba. Nan shimfiɗa ake yi, sabuwar a ƙasa, tsohuwar a rufe ta da ita a sama kamar kaurin yatsa biyu, ita da kanta in tana tono za ta riƙa tarar da sabuwar kaɗan-kaɗan, kai kuma kullum kana rage ta saman. Zurfin duka kar ya gaza santimita 5 zuwa 7, wajen yatsa uku ko huɗu a kwance, in ya yi ƙasa da haka farcenta na kankarar roba, in ya yi tuli kuma ƙafa na nutsewa ba ta jin daɗin tsuguno.

Ni dai hanyar da na fi yarda da ita yanzu ita ce ta baho biyu. Ka bar tsohon yadda yake a inda yake, ka ajiye wani kusa da shi da sabuwar ƙasa, ka ɗebo ɗan kashinta ko ɗan jiƙaƙƙen rairayin da ta yi fitsari ka sa bisa sabuwar don hancinta ya gaya mata nan ma wurin ne. Sai ka zuba ido. In bayan kwanaki ta fara shiga sabon, ka riƙa rage kula da tsohon har ka ɗauke shi. In sati biyu suka wuce ko kallo bai ishe ta ba, ta ba ka amsa, kar ka ja. Dama ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce baho ya fi yawan kyanwoyin gida da ɗaya, mai ɗaya ya aje biyu, mai biyu ya aje uku, kuma tsawon baho ya kai tsawon jikinta da rabi don ta samu juyawa. Jarkar mai ta lita 25 da mutane ke yankewa a kwance tana yi ma ƙarama, babba kam ta matse ta, bahon wanki mai faɗi ya fi. Kwasar kashi kuma cokali mai huji-huji irin matsamin ƙosai ya wadatar, a sayi na daban a rataye shi nesa da madafa kar wata rana a samu labari.

Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. In ana canza ƙasa, baho ya zauna inda yake, abinci ya zauna yadda yake. Kar a haɗa da satin tashi daga gida, ko satin biki da gida ke cike da baƙi da yara, ko lokacin da aka kawo sabuwar kyanwa. Wurin ma ya zama inda ba a yawan wucewa, nesa da kwanon abincinta, kuma ba inda ƙofa za ta rufe da dare ta rasa hanya ba. Ni kusa da makewayi na kai nata inda kowa ke watsa ruwan buta, ƙasa mai dunƙulewa kuwa da ruwa ba su ga maciji, kafin dare gefe ɗaya ya zama taɓo.

In ta riga ta yi ɓarnar fa? Duka ba ya magani, haka nan kama wuyanta a goga hancinta cikin fitsarin, wannan abin da ake yi ba ya koya mata komai sai tsoronka, gobe ta nemi bayan kujera inda ba ka gani. Wankin wurin shi ne aiki, don muddin hancinta na jin alamar to wurin ya zama makewayi. A fara tsane fitsarin da tsumma, a wanke da ruwa da sabulu, a bi da binegar da aka sirka da ruwa, in ya bushe a barbaɗa bikarbonat, abin da ke shanyuwa a kai shi rana. Jabel kar a zuba shi kai tsaye bisa fitsari, fitsarin da ya kwana yana fidda amoniya, in suka haɗu da jabel hayaƙi mai shaƙe ƙirji ke tashi, sannan abin mamaki kyanwoyi da yawa warin jabel jawo su yake, su zo suna birgima a wurin. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne girezil da muke zubawa a makewayi da Dettol, su biyun suna da sinadarin da hantar kyanwa ba ta iya narkarwa, ta taka ta lashe ƙafa ya isa ya kwantar da ita. Kar a wanke bahonta da su, kar a goge ɗakin da take kwana da su.

Akwai inda laifin ba na ƙasa ba ne sam, kuma wannan in an yi sakaci rai ake rasawa. In ka ga kyanwa, musamman muzuru, yana shiga baho yana fita sau da yawa, yana tsuguno yana yunƙuri yana kuka, fitsarin ɗigo-ɗigo ko da jini ko ma babu, yana yawan lasar gabanshi, to ba ƙasa yake ƙi ba, mafitsara ce ta toshe. Hanyar fitsarin namiji siririya ce, in ta toshe gaba ɗaya kwana ɗaya zuwa biyu na iya kashe shi. Ba a jiran gobe, a nemi likitan bisashe a ranar. Zafinmu na ƙara abin don ba su cika shan ruwa ba, a aje musu ruwa wuri biyu ko uku a riƙa sabuntawa. Amfanin mai dunƙulewa ɗaya da na yaba ke nan, kana ganin girman curi da yawanshi kullum, in ya ragu ko ya ƙaru ka sani, rairayi ba ya nuna maka wannan. Daban kuma da muzurun da ke tsayawa a miƙe ya ɗaga wutsiya tana karkarwa ya fesa ma bango, shi wannan shaida yake sawa ta cewa nan gidana ne, ko ƙasar zinariya ka zuba mishi ba zai bari ba, fiɗiya ce ke rage shi.

'Yan ƙanana da ba su kai wata uku ko huɗu ba kar a ba su mai dunƙulewa, komai suka gani sai sun kai baki, abin da ke kumbura cikin baho zai kumbura cikin ciki. Rairayi ya ishe su. Mace mai ciki kuma a ɗauke mata kwasar baho, akwai wata ƙwayar cuta toksoplasma da aka gano tun 1908 a Tunis, tana fita cikin kashin kyanwa kuma tana iya taɓa ɗan da ke ciki. Ba dalilin korar kyanwa ba ne kamar yadda wasu surukai ke tada hankali, ƙwayar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, ke nan in ana kwashewa kullum an rage haɗarin sosai, kuma naman da bai gasu ba da salatin da ba a wanke ba su ma hanya ce babba. Maigida ya karɓi aikin na wata tara, ya wanke hannu da sabulu, ba abin da zai rage shi. Abin da aka kwashe a ƙulle a leda a kai bola, kar a zuba gindin zogale ko fangalin yakuwa ko inda yara ke wasan ƙasa, kuma mai dunƙulewa kar a kuskura a juye ta cikin masai na zamani, toshe bututu take kamar siminti.

Minu dai a ranar na aiki yaro da bokiti wurin wani gini bayan layinmu ya samo rairayi, na maida baho bayan ƙofar madafa, ko minti goma ba a yi ba ta shiga ta daɗe tana tono har tana watso mana shi waje. Bayan sati na gwada baho biyu, ta turaren ko sau ɗaya ba ta taka ba. Da na samu wata marar ƙamshi mai laushin ƙwaya na bi ta hanyar gaurayawa, ta karɓa har rabi da rabi, da na kai kashi uku ta fara ɗarewa bakin baho, na koma rabi, nan muka tsaya har yau, wari ya ragu buhu kuma yana kai mu ninki biyu. Ƙanwata ta bugo tana tambaya "Yaya, ya Minu ta ji da tsarabarta?" na ce ta gode ƙwarai. Sauran buhun yana zaure, babur ɗina na ɗigar da baƙin mai bisa siminti, kullum da safe nakan barbaɗa hannu ɗaya a wurin in share da yamma.